Daga Dalma zuwa Ƙarfe: Tarihin Harsashi da Bakin Bindigar Harbin Agwagi a Amurka da Turai

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kantin kayan farauta a Amurka a yau, ya ce yana son harsashin harbin agwagin daji, abin da mai kanti zai miƙo masa shi ne kwalin harsashi mai ƙwayoyin ƙarfe, lamba 2 ko lamba 3, sa'an nan ya shawarce shi da ya ɗaura wa bindigarsa baki matsakaici. In kuwa dinya zai harba, sai a ba shi ƙwaya mai kauri, irin wadda ake yi wa lamba da haruffa, watau BB ko BBB. Da kakan wannan maharbi zai dawo duniya ya ji shawarar, da ya ce mai kanti bai san sana'arsa ba, domin abin da shi ya gada, kuma ya ci abinci da shi, shi ne ƙwayar dalma lamba 4 ko lamba 6 da baki mafi ƙunci. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi diddigin yadda shawarar ta juya haka, da abin da ya sa aka yi kusan shekara ɗari tsakanin gano cewa dalma tana kashe tsuntsayen da ba a harba ba da ranar da aka haramta ta.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a daidaita kalmomi. Bindigar da ake magana a kanta ba irin ta soja ba ce, mai fitar da harsashi guda. Cikin bututunta sumul yake, harsashinta kuma kwanso ne mai albarushi a gindi, da toshiya a tsakiya, da ƙananan ƙwayoyi masu yawa a gaba. Maharbanmu masu bindigar toka sun san wannan tsari, tun da su ma albarushi suke ɗurawa, su danna tsumma, sa'an nan su zuba abin harbi. Matsewar da ake yi wa bakin bututu don ƙwayoyin su fita a dunƙule, wadda Turawan Ingila ke kira cok, watau shaƙewa, za mu kira ta maƙura. Agwagwa a nan ta daji ake nufi, dangin kirinjijiya, dinya kuma mun ara wa manyan danginsu na ƙasashen sanyi, ko da yake ba daidai suke da dinyar fadamunmu ba.

Akwai lambobi iri biyu da ke rikita baƙo, domin dukansu da baya suke tafiya. Idan aka ce bindiga lamba 12 ce, ana nufin in aka mulmula dalma daidai faɗin bututunta, ƙwallo 12 ne zai yi laba ɗaya. Ke nan lamba 10 ta fi lamba 12 faɗi. Haka ita ma ƙwaya: lamba 2 ta fi lamba 6 girma.

Hasumiyar Watts da maƙurar Greener

A shekarar 1782 wani ma'aikacin famfo a birnin Biristol na Ingila, William Watts, ya sami takardar mallakar wata dabara mai sauƙi. Ana narka dalma a saman hasumiya, a zuba ta cikin rariya. Kowane ɗigo, yana cikin faɗowa, sai ya mulmule kansa a iska ya daskare, ya faɗa cikin ruwa a ƙasa. Kafin wannan, ana zuba dalma ne a mazubi, ko a yayyanka ta a yi ta jujjuyawa cikin ganga, ƙwayar ta fito da kusurwa da gefe. Hasumiyar da Watts ya ɗora a kan gidansa ta ci gaba da aiki har aka rushe ta a 1968, Amurkawa kuma suka gina nasu a Filadelfiya a 1808 da Baltimo a 1828.

Dalma ta dace da wannan aiki ta fuskoki da dama. Tana da araha, tana narkewa da wuta kaɗan, nauyinta ya ninka na ruwa sau 11 da ɗoriya, kuma saboda taushinta ba ta cin bututun bindiga. Amma taushin nan shi ne kuma aibinta. Lokacin da albarushi ya tashi, ƙwayoyin da ke ƙasa sai na sama su danne su, na gefe kuma su gogu da bango, su fito a lauye. Ƙwayar da ta lauye kuwa ba ta tafiya kai tsaye, sai ta fanɗare daga 'yan'uwanta ko ta biyo su a baya. Za a iya cewa duk hikimar maƙeran bindiga da masu haɗa harsashi, tun daga nan har tsakiyar ƙarni na ashirin, kokawa ce da wannan taushi.

Babban mataki a cikin kokawar shi ne maƙura. Bututun da bakinsa da cikinsa faɗi ɗaya ne, idan aka harba shi ga allo daga nisan yadi 40, kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwayoyin ne kawai ke faɗawa cikin da'ira mai faɗin inci 30. Wannan allo da wannan nisa su ne ma'aunin da ake amfani da shi har gobe. Wane ne ya fara matse baki, magana ce da ba a daina jayayya a kanta ba. A 1866 Sylvester Roper ya yi rajistar wata maƙura mai ɗaurawa a Amurka, a shekarar kuma William Pape na Niyukasul ya yi tasa rajistar a Ingila. Fred Kimble, wani shahararren maharbin agwagi a kogin Ilinoi, ya ce shi ya gano abin da kansa wajen 1870: ya matse bakin bindigarsa fiye da kima, sai ta ƙara warwatsa ƙwaya, ya koma yana kankare matsin don ya rabu da shi, ashe ya bar ɗan saura, sai ga bindiga tana tara ƙwaya wuri guda. Labarin yana da daɗin ji, amma daga bakin mai shi ya fito, bayan ya tsufa.

A ganina, tambayar wanda ya riga ba ta kai muhimmancin tambayar wanda ya mayar da abin sana'a ba, kuma wannan babu gardama W. W. Greener ne na Bamingham. A 1874 ya yi shelar cewa zai iya ƙera bindigar da za ta zuba adadin ƙwayar da mai saye ya nema a cikin da'irar. Mutane suka yi tababa, mujallar The Field ta shirya gasar gwaji a 1875, bindigoginsa suka yi nasara. Daga nan aka sami matakan da aka sani: baki sake mai zuba kashi 40, da ɗan matsi mai zuba kashi 50, da matsakaici mai zuba kashi 60, da cikakkiyar maƙura mai zuba kashi 70. Abin mamaki, bambancin faɗi tsakanin na farko da na ƙarshe a bindiga lamba 12 bai wuce milimita ɗaya ba, abin da bai kai kaurin kwabo ba.

Doka ta rage baki, maharba suka nemi nisa

A rabin ƙarshe na ƙarni na sha tara, harbin agwagi a Amurka kasuwanci ne. A mashigin ruwan Cesafik, da ke tsakanin jihohin Meriland da Bajiniya, akwai masu ɗaura wa ƙaramin kwalekwale wata ƙatuwar bindiga, a ɗura mata ƙwaya laba guda ko fiye, a lallaɓa da dare zuwa inda garke yake barci a kan ruwa, a kashe gommai da harbi ɗaya. Jirgin ƙasa yana kwashe naman zuwa otal-otal na Baltimo da Niyu Yok. Da tsuntsaye suka fara ƙaranci sai doka ta shigo. A 1900 aka hana ƙetare iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 1916 Amurka ta ƙulla yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura da Birtaniya, wadda ta sa hannu a madadin Kanada, dokar 1918 kuma ta hana sayar da naman, aka kuma hana amfani da bindigar da ta fi lamba 10 faɗi. A 1935, bayan fari ya ƙafar da tafkunan da agwagi ke ƙyanƙyasa, aka taƙaita bindiga ga harsashi uku, aka hana zuba hatsi don tara tsuntsaye, aka hana ɗaure agwagwar gida don ta kira ta daji.

Tun da an toshe hanyar kisa da yawa a kusa, sai hankalin maharba da kamfanoni ya koma kan nisa. A farkon shekarun 1920 John Olin ya fito da harsashin Super-X, mai albarushin da ke ci a hankali, wanda ke tura ƙwaya mai yawa ba tare da ya dagargaza ta ba. A 1932 aka fito da dogon kwanso mai inci uku da rabi na lamba 10, na inci uku kuma ya yaɗu a lamba 12. Aka ƙara wa dalma tauri da ƙarfen antimoni, aka lulluɓe wata da jan ƙarfe, a farkon shekarun 1960 kuma aka soma zuba ƙwaya cikin ƙoƙon roba don kada ta gogi bango. Ta haka cikakkiyar maƙura da dalma mai nauyi suka zama aƙidar maharbin agwagi, uba ya koya wa ɗa.

Sai dai akwai wani lissafi da ba a cika yi ba. Harsashi mai ɗauke da oza ɗaya da kwata na dalma lamba 6 yana da ƙwaya kusan 280. Ko da harbin ya yi kyau, biyar ko shida ne ke shiga jikin tsuntsu, kuma ba kowane harbi ke samu ba, balle na nesa. Sauran duk cikin taɓon tafki suke sauka, a daidai wurin da agwagi ke kiwo, kuma a wuri ɗaya ake tsayawa harbi shekara da shekaru.

Abin da ke cikin ƙundu

Agwagwa ba ta da haƙori. Da ƙundu take niƙa abinci, tana haɗiyar tsakuwa don ta taya ta niƙan. Idan tana tonon taɓo ba ta rarrabe ƙwayar dalma da tsakuwa ko ƙwayar ciyawa. Ƙundu sai ya niƙe dalmar, ruwan ciki ya narkar da ita, ta shiga jini. Hanji ya daina aiki, fikafikai su saki, kashi ya koma kore, naman ƙirji ya zube, tsuntsu ya mutu cikin mako biyu ko uku, sau da yawa maƙoshinsa cike da abincin da ya kasa wucewa. Mai karatu a ƙasar nan ba ya bukatar a gaya masa dafin dalma, bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400.

Tun a 1894 George Bird Grinnell ya rubuta labarin agwagin da dalma ta kashe a Tekzas da Karolina ta Arewa a cikin jaridarsa Forest and Stream. A 1919 Alexander Wetmore, masanin tsuntsaye na gwamnatin tarayya, ya ɗura wa agwagi ƙwaya da gangan, ya ga cewa guda shida na lamba 6 ba sa barin ko ɗaya da rai, wani lokaci ma guda ɗaya ta isa. Ke nan an san cutar, an san sanadinta. Abin da ba a sani ba shi ne yawan ɓarnar, kuma wannan shi ne aikin da Frank Bellrose na hukumar binciken halittu ta jihar Ilinoi ya ɗauka. Ya tattara sakamakon duba ƙundu fiye da 36,000, ya kuma kama agwagin daji, ya ɗura wa wasu dalma ya bar wasu, ya sa musu zobe a ƙafa ya sake su don ya ga waɗanda za su rayu. A 1959 ya bayyana cewa kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na agwagi da dinyoyin Amurka ta Arewa suna mutuwa ta wannan hanya kowace shekara. A garken da ake ƙirga shi da miliyoyi gommai, wannan ya haura tsuntsu miliyan ɗaya.

To, me ya sa aka ƙara shekara 32 kafin a haramta? A nan ne, a ra'ayina, zuciyar wannan tarihi take. Tsuntsun da dalma ta kama ba ya mutuwa a fili. Yana janye jiki daga garke, ya shige cikin kainuwa da geranya, kafin kwana biyu dila ko shaho ya ɗauke gawar. Maharbi zai yi shekara arba'in yana shiga tafki bai taɓa ganin guda ba. Amma tsuntsun da ya harba da sabon harsashi, gashi ya tashi, ya karkace ya tafi da rauni, wannan da idonsa ya gani, kuma ya ji zafinsa, domin a al'adarsu raunata tsuntsu a rasa shi abin kunya ne. Aka wayi gari masana suna riƙe da mutuwar da ake ƙirgawa a takarda, maharba suna riƙe da wadda ake gani. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma galibi gaskiya ne, amma a wannan batu ganin ne ya ɓatar da mutane.

Rigimar ƙarfe

An gwada abubuwa da yawa don maye gurbin dalma, aka ga wanda ba shi da dafi kuma talaka zai iya saya shi ne baƙin ƙarfe mai taushi. A 1976 hukumar kifi da namun daji ta tarayya ta fara wajabta shi a wasu yankuna na gaɓar Atlantika, ta faɗaɗa zuwa kwarin Misisifi a 1977, da sauran ƙasar a 1978. Nan da nan maharba da wasu gwamnatocin jihohi suka tayar da ƙayar baya. A 1978 Sanata Ted Stevens na Alaska ya sa aka liƙa wa kasafin kuɗin hukumar sharaɗin cewa ba za ta tilasta dokar a wata jiha ba sai da yardar jihar, wasu jihohi kuwa suka ƙi yarda.

Adalci ne a faɗa cewa ƙorafin maharba ba duka ne son zuciya ba. Nauyin ƙarfe bai kai kashi 70 cikin 100 na nauyin dalma ba, don haka ƙwayar ƙarfe tana saurin rasa ƙarfinta a iska. Harsasan farko sun yi tsada, kuma ba su da inganci. Ƙarfe ba ya lanƙwasa idan ya iso maƙura, sai ya tura bango, ya bar kumburi kamar zobe a bakin tsofaffin bindigogi masu siririn bututu, wasunsu kuwa kayan gado ne. An yi gwaje-gwaje da dama a fili, inda ake ba maharbi harsashi bai san ko wane iri ba ne, wani na biye da shi yana rubutawa. Yawancinsu ba su nuna wani babban bambanci ba wajen yawan tsuntsayen da aka raunata, amma wanda aka yi a Lakasin ta jihar Luwiziyana a farkon shekarun 1980 ya nuna ƙarfe ya fi raunatawa, sai kowane ɓangare ya rungumi gwajin da ya yi masa daɗi.

Abin da ya raba gardama ba agwagwa ba ce, gaggafa ce mai farin kai, tambarin ƙasar, wadda a lokacin take cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Tana cin agwagin da suka mutu ko suka raunata, ta haɗiye dalmar da ke jikinsu. A 1985 ƙungiyar kare namun daji ta ƙasa ta kai ƙara, wani alƙalin tarayya a Kalifoniya ya yanke cewa ba za a buɗe farautar agwagi ba a gundumomi 22 na jihohi biyar sai da harsashin da ba dalma. Da jihohi suka ga zaɓin ya zama ko ƙarfe ko rufe farauta, sai suka sauko. A 1986 aka tsara janyewa mataki-mataki, daga kakar 1991 kuma dalma ta haramta ga harbin agwagi da dinyoyi a duk faɗin Amurka. Kanada ta bi sahu a 1999. Wani bincike da William Anderson da abokan aikinsa suka buga a 2000 ya nuna mutuwar agwagwa mai koren kai ta dalilin dalma ta ragu da kashi 64 cikin 100 a kwarin Misisifi, suka ƙiyasta cewa tsuntsu miliyan 1.4 ne suka tsira a kakar 1997 kaɗai.

Sake koyon sana'a

Yawancin ɓarnar shekarun farko ta samo asali ne daga harba ƙarfe da ilimin dalma. Sabo, in ji masu iya magana, turken wawa. Mutum ya sayi lamba 4 domin ita ya saba saye, ya zuba ta cikin cikakkiyar maƙura domin ita ya gada, ya ɗaga wa tsuntsu a yadi 55, sa'an nan ya zagi gwamnati.

Gyaran farko shi ne girman ƙwaya. A oza ɗaya akwai ƙwayar dalma lamba 4 kusan 135, akwai ta ƙarfe lamba 4 kusan 190, akwai ta ƙarfe lamba 2 kusan 125. Watau ƙarfe lamba 2 ne ke da nauyin dalma lamba 4, daga nan ne ƙa'idar hawa lamba biyu ta fito. Mai harbin dinya da dalma lamba 2 sai ya koma BB ko BBB. Amma manyan ƙwayoyi marasa nauyi suna cin wuri a kwanso, wannan ne ya sa kamfanonin Mossberg da Federal suka fito da kwanso mai inci uku da rabi na lamba 12 a 1988, aka kuma ƙara wa harsashi gudu don a rama abin da nauyi ya rage.

Gyara na biyu shi ne ya fi wuyar karɓa, domin ya saɓa wa abin da aka yi ƙarni guda ana koyarwa. Ƙwayar ƙarfe ba ta lauyewa, mulmulalliya take fita, mulmulalliya take isa. Saboda haka ba ta bukatar matsi mai yawa: baki matsakaici da ƙarfe yakan zuba abin da cikakkiyar maƙura ke zubawa da dalma, in kuwa aka matsa wa manyan ƙwayoyi fiye da haka, sai su yi cunkoso a baki, tsarin ya lalace. Har ila yau, ƙwayoyin harsashi ba lokaci ɗaya suke isa ba, a jere suke tafiya kamar ayari. Bob Brister, wani marubucin Tekzas, ya nuna haka a littafinsa na 1976 ta hanyar harbin dogon allo da matarsa ke ja da mota a guje. Ayarin ƙarfe gajere ne kuma siriri, don haka wanda ya saita daidai yakan kashe nan take, wanda ya kuskure kuma ba shi da jelar ayari da za ta rufa masa asiri. Sa'a ɗaya da aka yi ita ce maƙura mai kwancewa, wadda ake murɗa ta cikin baki a canza ta yadda ake so, ta riga ta fara yaɗuwa tun da Winchester ya fito da tasa a 1969, ta kuma zama ruwan dare a shekarun 1980. Ba don haka ba, da miliyoyin bindigogi sai an kai su wurin maƙeri an buɗe musu baki.

Tom Roster, wanda ya yi shekaru yana gwaji yana kuma feɗe tsuntsayen da aka harba, ya tsara jadawalin da hukumomin jihohi ke bugawa a littattafan dokokin farauta. Gundarin koyarwarsa shi ne sai abu biyu sun haɗu: ƙwaya mai girman da za ta ratsa gashi da nama ta kai ga gaɓar da ke kashewa, da yawan ƙwaya a cikin da'ira wanda zai sa ba a rasa samun gaɓar ba. Lambar da aka buga a jikin maƙura alkawari ne kawai. Sai an harba wannan harsashi da wannan baki ga takarda an ƙirga huji ake sanin gaskiya.

Daga tsakiyar shekarun 1990 aka amince da ƙwayar bismut, wadda nauyinta yake tsakanin na ƙarfe da na dalma, kuma taushinta ya sa tsofaffin bindigogin gado suka sake fitowa daga kabad. Bayanta ƙwayoyin tangistan suka zo, wasu sun ninka nauyin ruwa sau 12, wasu har sau 18, watau sun fi dalmar kanta nauyi nesa. Da su sai ƙa'idar ta sake juyawa, ana saukowa ƙananan lambobi kamar 7, har a harbi dinya da ƙaramar bindiga lamba 20. Sai dai kuɗinsu ya ninka na ƙarfe sau da yawa, shi ya sa har yanzu ƙarfe ne harsashin gama-gari.

Turai, da hanyar da ta biyo ta kanmu

Turai ba ta tafi da murya ɗaya ba. Holan ta haramta ƙwayar dalma ga farauta a 1993, Denmak ta kammala haramta ta a 1996. Ingila ta hana harbin agwagi da ita a 1999, amma da masu bincike suka sayi agwagi daga hannun dillalan naman daji suka duba, rahotonsu na 2010 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 da dalma aka harbe su. Doka ce da ba mai tsaronta, tun da dalmar tana nan a kanti don harbin wasu tsuntsaye. Tarayyar Turai ta hana harba ta a fadamu da tazarar mita 100 daga gare su tun daga Fabrairun 2023, a 2025 kuma gwamnatin Birtaniya ta sanar da shirin hana sayar da ita gaba ɗaya, sai 'yan wurare da aka keɓe.

Wannan sashe na labarin ya shafe mu kai tsaye. Da damina ta ɗauke, dubban agwagin da suka ƙyanƙyashe a Turai da Rasha suna ƙetare Bahar Rum da Sahara su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru da tafkin Chadi, cikinsu har da ƙaramar nan da namijinta ke da farin layi a gira, da mai tsinin wutsiya. Ita mai tsinin wutsiyar, a bakin kogin Ebro na Sifen an taɓa samun dalma a ƙundun fiye da rabin waɗanda aka duba, kafin a hana harba ta a can. A 1995 aka ƙulla yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da yammacin Asiya a birnin Heg, Nijeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da suka shiga. A rubutun farko an ɗiba wa ƙasashe wa'adin shekarar 2000 su daina harba dalma a fadamu. Wa'adin ya wuce ba a cika ba, a taron 2008 da aka yi a Madagaska sai aka cire shekarar, aka bar wa kowace ƙasa ta yanka wa kanta lokaci ta bayyana shi.